Muryar Da Ta Ce A Kashe Na Huɗu

Akwai wani saurayi da ake kira Dogo, yana aiki a wani ƙaramin kamfani na gyaran injunan masana'antu. Shi ba makanike ba ne, bai taɓa riƙe sifana da sunan aiki ba. Teburinsa yana can lungun ofis, ƙarƙashin wata fanka mai kukan tsufa, kuma aikinsa guda ɗaya ne: kula da wikin kamfanin.

Ga wanda bai sani ba, wiki littafi ne na cikin kwamfuta wanda duk ma'aikata suke rubutu a ciki, suke kuma karantawa. Kowane inji yana da shafinsa. A nan za ka ga wane makunni ake kashewa kafin a taɓa injin, wane kwaɗo ake sa masa, ta ina ake shiga, ta ina ake fita. Makanikai suna buɗe shi a wayoyinsu a bakin aiki.

Ba Dogo ne ya kafa wikin ba. Yayansa ne.

Yaya shi ne mai ilimin. Shi ya yi wata da watanni yana bin makanikai da littafi da biro. Shi ya liƙa wa wikin wasu ƙananan manhajoji da ake kira filogin, kowanne da aikinsa. Ɗaya yana ajiye shafuka a cikin waya, don ko an shiga inda babu sabis a iya karantawa. Ɗaya kuma na murya ne. Tsofaffin makanikan karatu yana ba su wahala, sai Yaya ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ya karanta su da bakinsa. Ka danna wani ɗan koren maɓalli, sai ka ji shi yana yi maka bayani kamar yana tsaye a bayanka.

Sai ga ciwo. Ranar Litinin Yaya ya ce kansa yana sara, ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa.

Mai kamfanin ya dubi Dogo, wanda dama yake zama a gefen Yaya yana tsintar abin da ya samu, ya ce ya hau kujerar. Dogo ya hau. Kujerar ta yi masa yawa, amma bai faɗa wa kowa ba.

Kullum idan an fita hutun rana ofis ya yi shiru, sai ya toshe kunnuwansa da abin saurare, ya buɗe shafi ɗaya ya danna kore. Ba bayanin inji yake saurara ba. Yana sauraron yadda Yaya yake jan numfashi kafin ya fara magana. Akwai shafin da ya yi tari ya ce a yi masa afuwa. Akwai wanda dariya ta kubce masa a tsakiya, don wani ya shigo ya tsokane shi. Dogo ya san su duka kamar yadda ya san ɗakunan gidansu.

Wata biyu da rasuwar, wani layi ruwan ɗorawa ya bayyana a saman fuskar kwamfutar: akwai filogin da ke jiran sabuntawa. A ƙasa maɓalli biyu, ɗaya ya ce "Yanzu", ɗaya ya ce "An jima".

Dogo ya buɗe bayanin ya soma karantawa da ƙyar, kalma bayan kalma. Sai idonsa ya faɗa kan wani layi. Sabon filogin ɗin murya ba ya karɓar tsofaffin sautuka yadda suke. Kuma filogin ɗin waya ba zai sabunta ba sai tare da na murya.

Gabansa ya yanke ya faɗi. Bai ƙarasa karantawa ba. Ya danna "An jima" ya rufe kwamfutar.

Tun daga ranar, kowace safiya layin zai fito, kowace safiya Dogo zai kore shi. Bai tambayi kowa ba. Yana tsoron a gane bai iya ba, kuma yana tsoron a ce masa dole ne ya danna ɗayan.

Uwar Sito ce ta fara lura. Dattijuwa ce mai tabarau ɗaure da zare, ita ke riƙe da ɗakin kayan aiki, ita ke raba wa makanikai kwaɗo da safar hannu da hular kwano. Duk wanda ya shigo harabar, direba ne ko ɗan aike, sai ta ba shi ruwan sanyi ta tambayi lafiyar iyalinsa.

Ta zo teburin Dogo riƙe da wayarta.

"Ɗana, ɗan duba mini. Injiniyanmu ya ƙara sabon man giris a shafin sito. A kwamfuta na gan shi, a wayata kuwa babu."

Dogo bai ɗago kai ba. "Mama, wayarki ce. Wannan ai ta girmi kamfanin nan."

Makanikan da ke kusa suka kwashe da dariya.

"To ai ta Mai Walda sabuwa ce, ita ma haka ta nuna."

"Mama, ni na taɓa zuwa sito na koya miki jera kusoshi? Kowa ya tsaya a kan aikinsa mana."

Ta gyara tabaranta, ta dube shi. "Allah ya ba ka haƙuri," ta ce, ta juya.

Ta sake dawowa sau biyu a cikin watannin da suka biyo baya. Kowane zuwa Dogo yana ƙara kaushin baki. Duk sanda ya hango ta tafe da wayar nan sai ya tuna layin nan ruwan ɗorawa, shi ya sa yake riga ta da faɗa.

Haka aka ci wata tara.

Wata Laraba da hantsi, Kawu ya leƙo ofis. Ƙanin mahaifiyar Dogo ne, tsohon makanike mai tafin hannu kamar ɓawon itace. Shi da Mai Walda za su je masana'antar sabulu da ke can ƙarshen gari. Akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, mai fukafukai a ciki da ke gauraya sabulu. Kawu zai shiga cikinta ya kankare, ya ɗaure abin da ya kwance.

"Mai gadin kwamfuta!" Kawu ya ce. "Yau ma dai ba ta gudu ba?"

"Tana nan, Kawu."

"To ka riƙe ta da kyau." Ya buga aljihun rigarsa inda wayarsa take. "Ni na tafi da Yayanka. Yaron nan yana kabari amma har yau aiki yake yi mana, kai kana raye kana ɗumama kujera."

Ya faɗa da wasa, amma da ya ga fuskar Dogo sai ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya matsa kaɗan, ya fita.

Ƙarfe ɗaya da kwata Injiniya ya dawo daga wani aiki, yana share gumi.

"Malam Dogo, su Kawu sun tafi? Ya dai ga jan rubutun da na sa a shafin tukunya ko? Mutanen nan sun canza wayoyin ɗakin wutarsu makon jiya. Tukunyar ta bar makunni na huɗu, ta koma na bakwai."

Dogo ya buɗe shafin a kwamfuta. Ga shi nan jawur a sama, da manyan baƙaƙe: kada a bi murya, a kashe na bakwai.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe. Ko makaho ya gani."

Uwar Sito tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji duka. Ta tako a hankali, ta buɗe shafin tukunya a wayarta, ta ajiye ta a gefen kwamfutar.

Babu jan rubutu. Shafin yana nan fari tas, yadda Yaya ya bar shi.

Dogo bai san sanda yatsansa ya taɓa koren maɓallin ba. Muryar ta cika ofis, a natse, da ɗan jan numfashin nan.

"Bismillah. Kafin ka shiga tukunya, ka je ɗakin wuta ka kashe makunni na huɗu. Na huɗu fa. Ka sa kwaɗo, ka jefa makullin a aljihunka. In ka yi haka ka shiga da kwanciyar hankali, babu abin da zai motsa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Injiniya ya ce. Ya dubi agogon bango. "Ƙarfe biyu daidai suke tada injuna in an dawo hutu. Mai tadawa yana sama, ba ya ganin tukunya. Maɓalli ɗaya ne yake tada komai. Ya san ana aiki a ƙasa, amma da kwaɗon Kawu ya dogara."

Dogo ya wawuri wayarsa. Ya kira Kawu. Ba a samun lambar. Ya kira Mai Walda. Ba a samu. Ai dama saboda rashin sabis ɗin ɗakin nan aka yi filogin ɗin. Injiniya ya kira ofishin masana'antar, wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Ya kira manajansu, a kashe.

Ɗaya da minti ashirin da biyar.

Dogo ya fizgi makullin babur daga kan ƙusa ya fita da gudu. Ya ji Injiniya yana kiran sunansa, bai waiwaya ba.

Bai san yadda ya fita daga layinsu ba. Ya ratsa tsakanin wata motar haya da mai tura baro, madubi ya goge shi a gwiwar hannu, wani ya ɗura masa ashar. Danja ta nuna ja, ya wuce. Iska tana cika masa ido da hawaye, ko kuma hawayen ne dama.

Abu ɗaya yake gani a gabansa: Umma, mahaifiyarsa, zaune a kan tabarma, mata sun kewaye ta, kamar wata goma sha ɗaya da suka wuce. Wancan karon ciwo ne, babu wanda za a nuna da yatsa. Wannan karon fa? Wa zai shiga ɗakin ya gaya mata? Da wane baki?

Ya yi ta addu'a, kalmomin suna hawa kan juna. Ya Allah a ce Kawu ya tsaya cin abinci. Ya Allah a ce wuta ta ɗauke. Ya Allah a ce tsanin shiga tukunyar ya yi gajere. Amma ya san Kawu. Kawu ba ya cin abinci sai ya gama aiki, kuma duk abin da Yaya ya faɗa, Kawu ba ya sake dubawa.

A babbar mahaɗa ya tarar da cunkoso. Wata tirela ta mutu a gicciye, motoci sun cushe har babur ba ya samun ƙofa. Ya duba wayarsa. Biyu saura minti goma sha biyu.

Ya jingine babur ɗin a gaban wani mai faci. "Baba, ajiye mini!" Bai jira amsa ba, ya zura da gudu.

Takalminsa ɗaya ya fita, ya bar shi. Kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa. Ya wuce shagunan katako, ya wuce gidan mai, ya hango dogon bututun hayaƙin masana'antar. Yana gudu yana ganin kamar bututun ja da baya yake yi. Haƙarƙarinsa ya riƙe, numfashi yana fita da ƙara kamar ana zarto.

Yana isa ƙofa mai gadi ya tare shi.

"Kai, kai! Ina zuwa? Sai ka rubuta suna."

"Akwai mutum a cikin tukunya!"

"Wace tukunya? Malam, tsaya ka..."

A nan jiniyar dawowa aiki ta yi kuka.

Dogo ya bangaje mai gadi ya shige. Ya bi ƙamshin sabulu, ya sami matakalar ƙasa, ya soma sauka bibbiyu. Yana tsakiyar matakala ya ji ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa. Wani gurnani ya taso daga ciki, mai nauyi, sai ƙarar ƙarfe yana tauna ƙarfe. Sai ihu, ihu guda ɗaya.

Sai shiru.

Ya riƙe bango. Matakala shida suka rage, kuma bai taɓa ganin hanya mai nisan su ba. Ya sauka yana jan jiki, idonsa a ƙasa, don ba ya so ya ɗago.

Abin da ya fara gani tsani ne. Rabinsa yana leƙe daga bakin tukunya, a murɗe kamar an matse tsumma. Sai hular kwano a kife. Sai jini a kan siminti, yana bin ruwan sabulu.

"Dogo."

Kawu ne. Yana zaune a ƙasa jingine da bango, fuskarsa ta yi fari fat. Mai Walda ya cire rigarsa ya naɗe masa hannun hagu, yana matsewa da dukan ƙarfinsa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. A gefe wani mutum mai ƙiba yana tsaye, tafin hannunsa a kan jan maɓallin tsayar da inji, ya kasa cirewa.

"Dogo," Kawu ya sake cewa, a hankali. "Na huɗu na kashe. Wallahi na huɗu na kashe. Ga makullin a aljihuna."

Dogo ya durƙushe a cikin ruwan sabulun.

Sai a asibiti ya ji yadda aka yi. Mai ƙibar nan direban masana'antar ne, wanda yakan zo ɗaukar kaya a sito. Bayan fitar Dogo, Uwar Sito ta zauna da tsohuwar wayarta tana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa shan ruwanta daga masana'antar nan sai da ta kira shi. Na farko bai ɗauka ba, na biyu yana gida, na uku ya bar aikin. Direban shi ne na bakwai ko na takwas. Yana cin abinci a bayan katanga ya ga sunanta, ya ce wannan ba a ƙin ɗaukar wayarta.

Ya watsar da kwano ya ruga ƙasa yana ihu su fito. Kawu ya kama tsani ya soma hawa. Kansa da kafaɗunsa sun fito ke nan jiniya ta yi kuka, fukafukai suka juya suka kwashe tsanin daga ƙarƙashinsa. Mai Walda ya cafki wuyan rigarsa ya fizgo shi. Hannun ne ya makale tsakanin tsani da bakin tukunya.

Yatsu biyu suka tafi. Likita ya ce sauran za su warke.

Umma ta iso da mayafinta a karkace. Ta shiga ta ga ƙaninta, ta fito ta sami Dogo a kan benci, ƙafa ɗaya babu takalmi. Ya zame ƙasa ya gaya mata komai, tun daga layin nan ruwan ɗorawa har zuwa muryar da yake saurara da rana. Ya jira ta mare shi. Da ta mare shi da ya ji sauƙi.

Ba ta mare shi ba. Ta zauna a kan bencin.

"Yayanka, ni na haife shi," ta ce. "Ni na yi masa goyo. Kuma da aka zo ɗaukarsa na tsaya a bakin ƙofa na bari aka fita da shi. Kai me ya hana ka bari?"

Washegari da safe Injiniya ya jawo kujera ya zauna kusa da Dogo. Ya sa shi ya buɗe bayanin nan, ya ce ya karanta har ƙarshe, da ƙarfi.

Dogo ya karanta. Layi uku kacal a ƙasan inda ya tsaya wancan karon, ga gargaɗi: babbar manhajar wiki tana sabunta kanta, tsohon filogin ɗin waya kuwa zai daina jin yarenta. Zai ci gaba da nuna tsofaffin shafuka ba tare da ya ce komai ba. A ƙasa kuma ga yadda ake kwafe tsofaffin sautuka a ajiye kafin a sabunta.

Injiniya ya ciro wani ɗan filashi na ajiyar bayanai daga aljihu ya soka a kwamfutar. Ko minti biyar ba a yi ba, muryar Yaya gaba ɗaya ta shige ciki, har da tarin, har da dariyar. Ya zare ya ajiye a tafin hannun Dogo.

"Wannan ne?" Dogo ya ce. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da ka tambaya."

Dogo ya danna "Yanzu". Da wayoyin suka gama karɓar sabbin shafuka, aka ƙirga. Shafi goma sha huɗu ne aka gyara a kwamfuta wayoyi ba su sani ba. Uku daga ciki na makunnin wuta ne. Dogo ya bi sunayen injunan da ido, ya tuna wa da wa suka shiga cikinsu a watannin nan, sai ya tashi ya fita bayan ofis ya yi amai.

Da ya dawo ya wuce sito kai tsaye. Makanikai suna layin karɓar kwaɗo. A gabansu ya durƙusa.

"Mama, ki yafe mini."

Ta leƙo ta saman tabarau. "Tashi, kana tare mini hanya. Na yafe tun ranar. Amma gobe in na ce wayata ta nuna wani abu, ka karɓa ka duba, ko da ta girmi kakanka."

Aka sauke muryar Yaya daga dukan shafukan, don babu wanda zai iya rantsuwa wanne bayani ne har yanzu daidai. Dogo ya ce zai karanta sababbi. Ya karanta guda ashirin a teburinsa. Shafin tukunya kuwa kullum sai ya tsallake shi.

Kawu ya yi mako uku bai yi hira da shi ba. In Dogo ya je gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice ya juya fuska. Ranar da ya dawo aiki, hannunsa a naɗe da farin bandeji, ya tsaya a gaban teburin Dogo.

"Ɗauko wayarka. Mu biya sito, Mama ta ba ka kwaɗo da hular kwano."

"Ina za mu, Kawu?"

"Inda ka aike ni."

A masana'antar sabulu suka sauka matakalar nan tare. Ƙamshin sabulu ya bugi Dogo. A ɗakin wuta Kawu ya tsaya gefe ya zuba ido. Dogo ya nemi makunni na bakwai, ya ƙirga daga hagu, ya sake ƙirgawa daga dama. Ya ja shi ƙasa, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Kawu ya sa aka danna maɓallin tada tukunya a gabansu. Ba ta motsa ba.

An kawo sabon tsani. Kawu ya nuna shi da haɓa.

"Shiga."

"Kawu..."

"Ba a kashe take ba? Ba kai ka kashe ba? Shiga."

Dogo ya hau, ya juya, ya soma sauka. Ƙarfen yana da sanyi da santsi. Haske ya ragu ya koma ɗan da'ira a sama. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ga fukafukan a kusa, kowanne ya fi shi tsawo, ɗaya a gaban ƙirjinsa, ɗaya a bayan wuyansa. Babu inda mutum zai kauce. Wani inji ya tashi a can sama, bangon tukunyar ya ɗauki rawar, Dogo ya saki ƙara ya damƙe aljihunsa. Makullin yana nan. Ya damƙe shi har ya huda masa tafi.

Kan Kawu ya leƙo daga sama.

"Nan ne ofishinmu. Duk abin da ka bari sai an jima a can, a nan yake samun mu. Yanzu buɗe wayar ka karanta."

Dogo ya danna ɗaukar murya. Haƙoransa suna haɗuwa.

"Bismillah. Kafin... kafin ka shiga tukunya, ka duba kwanan watan da ke saman shafin nan. Ka kashe makunni na bakwai. Ka sa kwaɗo. Ka sa a gwada tada injin a gabanka. In ka ji ko ka ga wani abu ya saɓa, kada ka shiga. Don Allah kada ka shiga. Ka fito inda akwai sabis ka kira ni."

Ya fito jiƙe sharkaf da gumi, ya zauna a ƙasa. Suka saurari abin da ya ɗauka. Muryar tana karkarwa, tana sarƙewa, ana jin numfashinsa yana bugun bangon ƙarfe.

"Bari in sake, Kawu. Wannan ba ta yi kyau ba."

Kawu ya miƙa hannun mai bandeji ya rufe fuskar wayar.

"Kada ka taɓa ta. Ta Yayanka daɗi gare ta, shi ya sa na shiga ban waiwaya ba. Wannan kuwa, duk wanda ya ji ta sai ya koma ya sake ƙirga makunnin."

Darasi: Saƙon sabuntawar da kake turewa kowace safiya ba kai kaɗai yake jira ba, akwai wanda zai sa jikinsa a inda wannan shafin ya tura shi. Ka karanta bayani har ƙarshe, ka ajiye kwafi, ka sabunta a kan lokaci. Abin da ba ka sani ba ka tambaya, kuma kada ka raina wanda ya zo ya ce maka ya ga wani abu ba daidai ba. Wanda ya rasu a yi masa addu'a, a ci gaba da gyara aikin da ya bari, wannan ita ce riƙon amanarsa. Ku tura wa abokan aikinku, musamman wanda aka damƙa wa kwamfutar ofis. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare waɗanda suke bakin aiki.